Amsoshin da Muka Goge

Yanzu na iso shekarar da nake ta kewaye wa tun da na fara cika littafin nan. Kun tashi kuna jin ana cewa yayanku ya bar aikin ofis saboda lalaci da taurin kai, kuma a bakina kuka fara ji. To ƙarya na yi muku. Ni ba mai ilimi ba ne, daga aji huɗu na firamare babana ya cire ni ya miƙa mini fartanya, rubutun nan ma da ƙyar nake jan sa, don haka kada ku jira in yi wa magana ado. Yadda abin ya faru haka zan faɗa, wanda ya ga laifina ya gani.

Sai kun fara sanin yadda muke da shi. Shi ne ɗana na fari, kuma a gidanmu na Balan kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, sunansa kuwa tun ranar da liman ya raɗa shi bai ƙara bi ta bakina ba. In ina da saƙo sai in ce wa uwarku Binta, gaya wa yaron nan kaza, ko da yana tsugune a gabana. In ta kama dole, sai in ce, kai. Haka babana ya yi wa yayana, haka na gani, haka na yi, kuma ina ganin tarbiyya nake yi. Ku da kuka biyo baya kun hau kafaɗata, kun ja mini gemu, kun sa ni dariya. Shi bai samu ko ɗaya ba. Amma kada ku ce ba na son sa. Duk wani buri da na taɓa yi a duniya a kansa na ɗora, kuma burin guda ɗaya ne, kada ya yi noma. Na san abin da noma ya yi wa babana, na san abin da ya yi wa bayana da gwiwoyina. Kullum in na je Gaya ina ganin kawunku Sale, yayan uwarku, ya fito daga ofis da farar shadda ko ƙura babu, biro biyu a aljihun gaba, mutane na rusuna masa, sai in ce a raina, haka nawa zai zama ko da zan mutu a kan fartanya. Na haramta masa gona. Ran da na same shi da fartanya a hannu yana ɗan shekara goma, da karan dawa na rako shi har gida.

Akwai kuma maganar kusurwar arewa. Gonarmu ta gado ƙuduji ya daɗe da kama ta, wannan ciyawar mai jan fure da take shanye dawa tun daga saiwa. Ɓangaren arewa ya fi lalacewa, har na haƙura na bar wa uwarku shi ta riƙa shuka waken suyarta na awara. Bayan damina uku na karɓe shi na zuba dawa, sai ga dawa ta tashi kore shar, zangarniya kamar hannun ƙato, ƙuduji sai ɗaiɗai. Dama na taɓa binne wata laya a wurin da wani malami ya ba ni. Na zauna a majalisa na yi ta cika baki, har mutum biyu suka sa na raka su wurin malamin.

A shekarar da yayanku zai gama ƙaramar sakandare a Gaya, aka kawo musu wata malama mai ba ɗalibai shawara kan abin da za su karanta, Malama Rabi, 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi. Wata Alhamis ya dawo da takardu biyu, ya ba uwarku, uwarku ta miƙo mini ta ce an ce uba ya duba ya sa hannu, da su za a duba ajin da ya dace da kowane yaro in ya shiga babbar sakandare. Na juya takardun. Turanci ne, layi-layi, da 'yan akwatuna a gefe, ya bi ya yi maki da fensir. Ni abin da na sani game da takarda mai akwatuna shi ne jarrabawa, kuma jarrabawa tana da amsar daidai da ta kuskure. Ban kira shi na ce karanta mini ba. Ta yaya? Washegari bayan an sauko daga Juma'a na wuce gidan kawunku Sale, na same shi a zaure, na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya fara girgiza kai yana dariya.

"Haladu, yaron nan naka ɗan ƙauye ne na gasken gaske. Duk inda amsar mutanen kirki take sai ya tsallake ta."

"Ya faɗi ke nan?"

"In aka kai ta haka, ajin 'yan gona za a jefa shi. Ka ga ka yi ta wahala ka haifi wani Haladun."

"To yaya za a yi, Alhaji?"

"Allah ya so ka da fensir ya yi."

Ya aika cikin gida aka kawo masa kilina, wannan ɗan robar da yara ke goge fensir da shi. Ina zaune ina kallo ya bi layi-layi yana gogewa, yana hure garin, yana sa sabon maki da biro. Yana yi yana mini bayani, nan an ce kana son aiki a ɗaki ko a fili, wane mahaukaci ne zai ce fili, nan an ce tsara takardu ko kula da tsiro, ai ka ji. Ni kuwa ina ta cewa Allah ya saka da alheri. Na rubuta sunana a ƙasa, na dawo gida raina fari tas, na ba uwarku ta ba shi. Da ya buɗe ya gani ban san yadda fuskarsa ta yi ba, don ban kalle shi ba. Ba na kallonsa.

Bayan kwana huɗu aka aiko ana nemana a makaranta. Na sa rigata ta salla, na hau acaɓa, ina tsammanin yabo za a yi mini. Ofishin nata ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ajujuwa, tebur ɗaya da benci. Mace ce siririya, ba ta kai uwarku shekaru ba, ta gaishe ni da ladabi har ƙasa, sannan ta shimfiɗa takardun a gabana.

"Malam Haladu, wa ya cika wannan?"

"Yaron ne."

"Da biro?"

"Biro ai ba haramun ba ne."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta ɗaga takardar ta saita ta da hasken taga, ta ce in matso. Yayanku yana danna fensir da ƙarfi, kun san hannunsa. Duk inda kawunku ya goge, gurbin makin yana nan a jikin takardar kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Wannan ba jarrabawa ba ce, Malam. Ba a ci, ba a faɗuwa. Ta farko tana tambayar abin da ransa yake so. Ta biyu tana tambayar abin da ya fi daraja a wurinsa in ya zo yin aiki. Akwai ta uku, ta abin da ya iya, ita a nan suka yi ta a gabana, ba ta je gida ba. Ina haɗa ukun ne in zauna da yaro mu yi magana. To ta ukun da waɗannan biyun ba mutum ɗaya ba ne."

Amma bakina bai mutu ba tukuna. Na ce mata ai yaro bai san abin da yake so ba, manya ne suke sani. Ta ce ta ji, amma in bari ta karanta mini abin da aka goge. Ta bi gurbin makin da yatsa. Aiki a fili. Kula da tsiro. Gano abin da ke damun dabba. Awon ƙasa. Ta juya ta biyun ta ce nan an jera abubuwa an ce ya zaɓi wanda ya fi masa, akwai albashi mai kauri, akwai girma a idon jama'a, akwai zama a inuwa, da sauransu. Biro ya zaɓi girma a idon jama'a.

"Fensir kuma fa?" na ce.

"Yin aiki tare da mahaifi."

Na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta nuna mini gurbin. Ni da ban taɓa ce masa zauna kusa da ni ba. Ina nan ban gama haɗiye wannan ba ta jawo ta ukun. Ta ce a lissafi da awo yana cikin na gaba a ajinsu, amma ba shi ne ya sa ta kira ni ba. A ƙarshen takardar ta ce kowane yaro ya rubuta, da Hausa in ya so, wani abu da ya taɓa gyarawa da hannunsa. Wasu sun rubuta keke, wasu rediyo. Ta karanta mini nasa, kuma ko yau zan iya maimaita shi. Ya ce akwai wani gefe a gonar babansa da ƙuduji ya kashe. Ya ji wani malamin gona a rediyo yana cewa waken suya yana rage shi, sai ya roƙi uwarsa ta nemi wurin. Damina uku yana zuwa bayan an tashi daga makaranta, lokacin da ya san babansa ya koma gida cin abinci, yana shuka waken, yana tuge duk ƙudujin da ya fito kafin ya yi fure, yana ƙona shi a bakin gona, yana kai kashin awaki a buhu. Ya ce yanzu dawa tana yi a wurin. Layin ƙarshe ya ce, babana ya ji daɗi sosai, na ji shi yana faɗa wa mutane.

Abin da ya fara zuwa kaina, Allah ya gani, ba tausayi ba ne, mutanen nan biyu ne da na raka wurin malami. Sannan sauran ya biyo baya. Shekara uku yaro yana shiga gonata a ɓoye kamar ɓarawo yana gyara mini ita, yana jin ina ba laya ladan, bai ce uffan ba. Na zauna gida ɗaya da shi shekara goma sha shida, sai wata baƙuwa daga Gafasa ce ta gabatar mini da shi daga jikin takarda.

Ta ce ba za ta yi aiki da amsar da ba tasa ba, amma ba za ta ƙaryata uba a bayan ɗansa ba, don haka za ta kira shi ya faɗa da bakinsa. Kafin in ce a'a ta aika. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Ga babanka, ga ni. Amsoshin nan na biro, naka ne?"

"Nawa ne, Malama."

"Ɗago ka dube ni. Ba dukan ka za a yi ba. Naka ne?"

"Nawa ne. Canza ra'ayi na yi."

"Gonar fa da ka rubuta mini?"

"Wasa ne na yara, Malama."

Sai ta juyo ta zuba mini ido. Jira take. Kalma uku kawai ake nema a bakina, ni na goge, shi ke nan. Amma in na faɗa, na tona kaina a gaban ɗana na fari, na tona kawunku Sale, kuma na buɗe masa ƙofar gonar da na rantse ba zai shiga ba. Na duba ƙasa na ce, kin ji dai da bakinsa. Ta sallame shi. Ta tattara takardun a hankali, ta ce za ta rubuta shi a ajin da muka zaɓa, tunda uba da ɗa sun haɗu a kan magana ɗaya. Na kai bakin ƙofa ta ce,

"Malam Haladu, takardar nan ba ta zaɓa wa yaro aiki. Dama ce kawai ake ba shi ya yi magana sau ɗaya. Ya yi, kun goge."

Na dawo Balan da la'asar na sami uwarku tana suyar awara a tsakar gida. Na tsaya a kanta na ce ashe da ita aka haɗa baki ana shiga mini gona. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa kake tsammani yake mini aikin? Aljanu?"

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya, Malam? Kai dai gaya wa yaron nan, gaya wa yaron nan. Ka taɓa cewa me yaron nan ya ce?"

"Yanzu na sani."

"To ka koma ka gyara mana."

Ban koma ba. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Kuskuren zauren kawunku na jahilci ne, ban san me takardar take ba. Amma daga ranar nan na sani, kuma ina da sati uku kafin a rufe rajista, kullum ina cewa gobe. Gyaran yana nufin in zaunar da shi in yi magana da shi, ni kuwa ban san ta inda ake fara magana da shi ba. Kuma in faɗa muku gaskiya, har a lokacin ina ganin ko da na cuce shi a zuciya, na cece shi daga rana. Abin da na yi kawai shi ne na je kusurwar arewa na tone layar na jefa ta a rijiyar da ta mutu.

Sauran kun gani da idonku, sai dai ba ku san me kuke gani ba. Ya shiga ajin, ya gama ba yabo ba fallasa, kawunku ya nema masa gurbi a wani ofishi a Gaya yana jera fayil. Na ɗinka masa farar shadda. Bai ƙara taka gonata ba ko sau ɗaya, ƙuduji kuwa ya dawo kusurwar arewa kamar dama jira yake. Shekara biyu yana fita da safe yana dawowa da yamma, yana ramewa, magana tana ƙare masa, har uwarku ta fara nema masa rubutun sha. Wata safiya ya ninke shaddar ya ajiye a kan tabarmata, ya ce wa uwarku ya tafi Gafasa. Yayan Malama Rabi yana da gona da lambu a can, ya ce zai ɗauke shi. Da mutane suka tambaye ni a majalisa, sai na ce malalaci ne, an ba shi inuwa ya ƙi. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu, har ta zama ita ce maganar, har ku ma kuka ɗauka.

Shekara huɗu yana zuwa gaida uwarku da salla, ya tsuguna ya gaishe ni, in ce lafiya, ya tashi. Ina jin labari daga bakin 'yan kasuwa cewa akwai wani yaro a Gafasa da manoma ke ɗauka a babur ya duba musu gona, har daga sauran ƙauyukan Ajingi ake zuwa. Ina ji in yi kamar ban san wa ake nufi ba. Daminar bara dawata ta tsaya iya gwiwa ta yi ja, gona gaba ɗaya ta zama furen ƙuduji, ka ce wani ya shuka shi. Na tsaya a tsakiya na duba gabas na duba yamma. Washegari na hau babur ɗin maƙwabci na nufi Gafasa, ban faɗa wa kowa ba.

Ban san garin sosai ba. Aka nuna mini wata gona a bayan gari, na tarar da mutane kusan goma a tsaye sun yi da'ira, wani a tsugune a tsakiyarsu yana tona gindin dawa, ba na ganin fuskarsa. Wani dattijo mai carbi ya tare ni a bakin gonar.

"Baƙo, wa ake nema?"

"Yaron nan nake nema."

"Yara ai suna da yawa. Wanne?"

"Na Balan."

"Mutanen Balan uku ne suke mana aiki a nan. Ba shi da suna ne?"

Na duba hagu na duba dama, babu Binta da zan ce ta faɗa. Dattijon yana kallona kamar wanda ya zo da rashin gaskiya. Na buɗe baki, sunan ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, kamar tari.

"Nasiru."

Wanda yake tsugune ya miƙe zumbur. Ya ture mutane ya taho da sauri, ƙasa a hannunsa, fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Baba, wa ya rasu?"

Abin da ya zo masa ke nan. Tunda ya ji sunansa a bakina, to lallai mutuwa aka yi. Na ce ba wanda ya rasu, kowa lafiya, gona ce ƙuduji ya cinye. Ya kalle ni, karo na farko da muka haɗa ido ban kawar ba.

"Har ta arewa?"

"Har ita."

Ya ce mutanen nan sun riga ni, sai ya gama da su, zai zo ran Asabar. Ya zo kuwa, da buhun irin waken suya a bayan babur. Ya zaga gonar, ya ce bana ta riga ta tafi, abin da za mu iya shi ne mu tuge furen kafin ya zubar da iri, baɗi a fara daga farko, kuma sai an yi damina uku ana haƙuri. Muka sunkuya, shi a layi ɗaya ni a na kusa da shi. Abin da fensir ya zaɓa ke nan, ya same shi bayan shekara tara, na yini ɗaya. Da rana ta take na ce masa, ba tare da na ɗago ba, ran nan a ofishin Malama, me ya sa ya ce amsoshin nasa ne. Bai daina tugewa ba.

"In na ce ba nawa ba ne, Baba, ai sai ta tambayi wanda ya goge."

Ya koma Gafasa a ranar kafin magariba. Can ne gidansa yanzu, can ya yi aure, gonakin can ne suke cin hannunsa, tawa sai ran Asabar in ya samu sarari. Ban ce ya dawo ba, ba ni da bakin faɗa. In kun gama karanta wannan, wanda ya fara zuwa Gafasa a cikinku ya kai wa Nasiru littafin, ya ce masa ni na goge.